Baƙin shayi, koren shayi ko na tsirrai: wanne ya dace da butarka?

Shekaru kaɗan da suka wuce, idan mutum ya ce wa mai kanti a ba shi ganyen shayi, ba a tambayarsa wane iri yake so, domin kwali ɗaya ne ko biyu a kan kanta, kuma duk wanda aka miƙo masa lifton ne sunansa, ko da kuwa wani kamfani daban ne ya yi shi. Yanzu al'amarin ya sauya. A manyan kantunan Kano da Kaduna da Maraɗi za ka tarar da jerin kwalaye, wannan baƙi, wancan kore, wani da hoton fure, wani da alkawarin rage teɓa, har mai saye ya rasa wanda zai ɗauka, daga ƙarshe ya ɗauki wanda kwalinsa ya fi ɗaukar ido. Abin da na lura da shi, bayan na daɗe ina gwada su ɗaya bayan ɗaya, shi ne yawancin masu cewa wani shayi bai yi musu ba, ba su taɓa shan sa yadda ya kamata a dafa shi ba. Kowane iri yana da zafin ruwan da yake jurewa da tsawon lokacin da yake bukata, saboda haka kafin mutum ya zaɓi ganye ya kamata ya san a wane lokaci zai riƙa sha, da madara ko ruwan bunu, da kuma iya haƙurin da yake da shi a gaban murhu.

Baƙin shayi da koren shayi ganyen bishiya ɗaya ne, wadda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Tana da manyan jinsi biyu: na ƙasar Sin mai ƙananan ganye da ke jure sanyi, da na yankin Assam a Indiya mai faffaɗan ganye da ke son zafi da damshi. Bambancin launi da ɗanɗano yana zuwa ne daga abin da aka yi wa ganyen bayan an tsinko shi. Duk wanda ya taɓa ɓare farin goro ya ajiye ɓari ɗaya ya san yadda wurin da aka gatsa ke rinewa idan ya sha iska. Haka ganyen shayi yake. Idan aka bar shi ya yi yaushi, aka murje shi, aka shimfiɗa shi ya sha iska na wasu sa'o'i kafin a busar, sai ya koma baƙi, ɗanɗanonsa ya yi ƙarfi, ruwansa ya fito ja. Idan kuma aka gaggauta ɗora shi a kan zafi tun yana ɗanye, ko dai a soya shi a busasshen kasko kamar yadda ake yi a Sin, ko a turara shi kamar yadda ake yi a Japan, zafin yakan tsayar da wannan rinewa, ganyen ya zauna da korensa. Akwai wasu a tsakani, irin su ulon da farin shayi, amma ba su cika zuwa kasuwanninmu ba. Su kuwa zoɓo da citta da na'ana'a da zogale, mun ara musu sunan shayi ne kawai saboda ana jiƙa su a ruwan zafi a sha a kofi, amma babu dangantaka tsakaninsu da waccan bishiya.

Baƙin shayi shi ne wanda aka fi sabawa da shi a teburin mai shayi da kuma gidajenmu, sai dai shi ma ba iri ɗaya ba ne, kuma rabuwar farko tana wajen sarrafawa. Akwai wanda ake murzawa a hankali ya fito a matsayin dogon ganye a nannaɗe, akwai kuma wanda inji ke niƙewa ya yayyaga ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana kamar tsaki, dabarar da aka ƙirƙiro a Assam wajen shekarun 1930. Irin na biyun ne ke cikin mafi yawan ƙullin shayi mai zare, kuma shi Kenya ta fi samarwa. An fara dasa shayi a Kenya a 1903, yau kuma ita ce ta uku a duniya wajen nomansa bayan Sin da Indiya, gonakinta na yankin Kericho da Nandi suna ciyar da babbar kasuwar gwanjon shayi ta Mombasa. Amfanin wannan niƙaƙƙen ganye shi ne saurin sakin launi da ƙarfi: cikin minti biyu zuwa uku ruwan ya yi ja wur, kuma ko an labta masa madarar gwangwani da sukari ɗanɗanon shayin ba ya ɓacewa. Wanda kakkauran shayi da burodi ne karin kumallonsa, a ganina ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan ganye mai tsada, domin madara za ta rufe duk wani ƙamshi mai laushi da ya biya kuɗi dominsa. Na Kenya ko na Assam ya ishe shi, haka ma namu na gida da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda tudu da sanyi da yawan ruwan sama suka ba bishiyar irin yanayin da take so. Kamaru ma tana da gonakinta a Ndu da wasu wurare.

Mai shan ruwan bunu kuwa, shi ne ya kamata ya tsaya ya zaɓa. Na Sirilanka, wanda har yau ake rubuta Ceylon a kwalinsa ko da yake ƙasar ta sauya suna tun 1972, yana da ruwa garau da ɗan kaifi a harshe, musamman wanda aka noma a tuddan Nuwara Eliya da Uva, kuma yana tafiya da yankan lemun tsami fiye da kowane. Na Dajilin, a gindin tsaunukan Himalaya, ya fi kowane laushi da ƙamshi, ruwansa bai cika ja ba, musamman tsinkar farko ta watan Maris da Afrilu, kuma zuba masa madara asara ce. Earl Grey baƙin shayi ne da aka turara da man ɓawon wani lemo mai suna bagamot da ake nomawa a kudancin Italiya. Wasu suna son sa daga kurɓin farko, wasu kuma suna cewa kamar an zuba turare a kofi, don haka kada a sayi babban kwali kafin a ɗanɗana. Akwai kuma wani na Sin da ake busarwa a kan hayaƙin itace, wanda na tabbata idan aka ba wa uwar gida Bahaushiya za ta ce ya yi ƙauri a zubar.

Dafa baƙin shayi ba shi da wahala, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ya mamaye duniya. Yana son ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu, cokalin shayi ɗaya na ganye, wato kimanin giram 2 zuwa 3, ga kowane kofi, a rufe a bar shi minti uku zuwa biyar, sannan a tace. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ganyen a ciki. A gidaje da yawa akan jefa ƙulli uku ko huɗu a cikin filas da asuba a rufe, wanda ya sha da ƙarfe bakwai ya sha shayi, wanda ya zo da hantsi kuwa ya tarar da baƙin ruwa mai bauri da ke kama harshe, sai ya yi ta ƙara sukari yana neman kashe shi. Wannan bauri yana fitowa ne daga sinadarin tanin, ɗan uwan wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, kuma yawansa yana ƙaruwa da daɗewar ganyen a ruwa. Wanda ke son shayi mai ƙarfi ya ƙara ganye, kada ya ƙara lokaci. Idan za a zuba a filas, a dafa a buta, a tace, sannan a juye. Dajilin ne kaɗai a cikin baƙaƙen ke son a ɗan sassauta masa, a bar ruwan ya huce na minti ɗaya bayan tafasa, kuma kada a wuce minti uku.

Akwai wata hanya dabam, wadda ake tafasa ganyen a tukunya tare da kayan ƙamshi, kamar yadda ake yi a Indiya da Yaman da Sudan, kuma kamar yadda masu shayinmu da dama ke yi. Nan ma niƙaƙƙen ganye ne ya dace. Tsarin da ya fi ba ni sakamako shi ne a fara dafa citta da kanumfari da kirfa su kaɗai na kimanin minti goma, domin su ba sa sakin ƙamshinsu da wuri, sannan a zuba ganyen shayin a ƙarshe ya yi minti biyu ko uku, a sa madara idan ana so, a sauke. Idan aka haɗa su gaba ɗaya tun farko, kafin citta ta fito ganyen ya riga ya yi bauri. Kanumfari kuma biyu ko uku sun ishi buta guda, fiye da haka yakan danne komai.

Koren shayi shi ne wanda aka fi zalunta. Ni kaina karon farko da na saya, na yi masa yadda na saba yi wa lifton: na kwara masa tafasasshen ruwa, na tafi wani aiki, na dawo bayan kusan minti goma na tarar da ruwa mai launin ɗorawa da ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Kwalin ya yi wata shida a kabad kafin wani abokina ya nuna mini inda na kuskure. Tun da ganyen bai sha iska ya rine ba, sinadaran ɗacinsa suna nan da ƙarfinsu, kuma tafasasshen ruwa yakan fizgo su gaba ɗaya lokaci guda. Abin da yake so shi ne ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos, na minti ɗaya zuwa uku kacal. Ba sai an nemi ma'auni ba. Idan ruwa ya tafasa, a auna kofi uku nasa a haɗa da kofi ɗaya na ruwan sha daga randa, zafin zai sauko wajen digiri 80. Ko kuma a sauke butar a buɗe murfin a jira kamar minti biyar. Wanda aka dafa haka ruwansa yakan fito fatsi-fatsi da ɗan kore, da ƙamshi mai sanyi da ɗan garɗi a ƙarshen kurɓi, ba ya bukatar sukari mai yawa, madara kuwa ba ta shiga harkarsa ko kaɗan. Idan ganyen sako-sako ne mai kyau, ana iya sake jiƙa shi sau biyu ko uku, kuma sau da yawa jiƙo na biyu ya fi na farko daɗi, abin da ke rage masa tsadar da ake gani a farko.

Shi ma koren iri-iri ne. Na Japan da ake kira senca, tun da turara shi aka yi, yana da ƙamshin ɗanyen ganye, kusan kamar na alayyafon da aka sauke daga wuta, kuma shi ya fi saurin ɓaci idan ruwa ya yi zafi da yawa. Na Sin da aka soya a kasko, irin Longjing na birnin Hangzhou, ya fi kusa da ƙamshin gasasshiyar gyaɗa, kuma ina ganin ya fi sauƙin karɓuwa ga wanda bai saba ba. Akwai wanda ake turarawa da furen yasmin, mai daɗin sha bayan abinci mai maiƙo. Maca kuwa, wanda ya zama abin yayi a shekarun nan, garin ganye ne da aka rufe bishiyarsa daga rana na wasu makonni kafin tsinka, aka niƙa shi lilis. Ana kaɗa shi ne a ruwa a shanye har garin, don haka ya fi sauran koren ƙarfi, ga tsada, ga saurin lalacewa da zarar an buɗe gwangwanin. Ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya fara da shi ba.

Sai dai duk wannan ƙa'ida ta sassauta zafi, shayin Buzaye ya yi fatali da ita da gangan. Ganyen da ake dafawa a fadojin matasa a Damagaram da Agadas da Yamai, da majalisu a Kano da Katsina, da unguwannin zango a Gana inda ake ce masa ataya, koren shayi ne daga Sin, ko dai mai lanƙwasa kamar gira, wanda ake ganin lamba 41022 ko 4011 a kwalinsa, ko kuma wanda aka mulmula ƙanana kamar harsashi, mai lamba 3505. Ya iso mana ne ta hanyar Maroko da Sahara, kamar yadda kalmar shayi kanta ta zo daga Larabci. Na sha zama ina kallon mai dafawa: 'yar buta mai ruwan shuɗi a kan murhun waya, gawayi ja, ganye kusan cikin ƙaramin kofin gilashi guda a ruwan da bai kai rabin lita ba, a bar shi ya yi ta ɓararraka kwata ɗaya na awa ko fiye. Sai ya zuba sukari, ya ɗaga butar sama ya tsiyayo ruwan kamar zare cikin kofi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya a kowane kofi, sannan ya ɗauraye bayan kofunan ya miƙa. Dafuwar farko ɗaci ne zalla, ta biyu da ake yawan sa mata na'ana'a ta fi daidaito, ta uku kuwa zaƙi ya rinjaya. Nan ɗacin shi ake nema, sukari da kumfa da ƙanƙantar kofin ne ke sa a iya sha.

Saboda haka wanda ya ji ana cewa koren shayi ba shi da ƙarfi kamar baƙi, kada ya ɗauka maganar ta haɗa da wannan. A lissafin da aka saba bayarwa, kofi guda na baƙin shayi yana ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 50 na kafeyin, sinadarin nan mai kore barci da ke cikin goro da gahawa, na kore kuma wajen 25 zuwa 30, gahawa kuwa kusan 95. Amma wannan lissafi na ganye cokali ɗaya ne da aka jiƙa na 'yan mintoci. Idan aka cika buta da ganye aka tafasa shi tsawon lokaci, ƙaramin kofin nan na dafuwar farko yana iya raba mutum da barci, kuma idan cikinsa babu komai ya sa masa tashin zuciya ko rawar hannu. Ga kuma yawan sukarin, wanda ya kamata mai ciwon suga ya yi la'akari da shi. Shayin Buzaye na mai lokaci ne da abokan hira, kuma wanda ke neman abin sha mai sauƙi da yamma ya nemi wani.

Hukumomin lafiya sun sanya wa baligi mai lafiya iyakar kimanin miligiram 400 na kafeyin a yini, mai juna biyu kuma yawanci ana ba ta shawarar kada ta wuce 200, kuma ya kamata a tuna cewa goro da gahawa da lemon kwalba mai launin baƙi duk suna shiga lissafin. Wani abin da ba a cika faɗa ba, alhali ya fi shafar gidajenmu, shi ne cewa tanin ɗin da ke cikin baƙi da kore yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye da hatsi. Ga mai ƙarancin jini, da mai ciki, da yara, ya fi kyau a raba shayi da abinci da kamar awa guda, maimakon a kora tuwo ko wake da shi. Zafin da ake sha ma abin lura ne: a 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin bututun da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki. Ashe sheƙa shayin da mai shayi ke yi daga wannan kofi zuwa wancan kafin ya miƙo yana da amfanin da ya wuce burgewa.

Idan aka zo ga na tsirrai, babbar falalarsu ita ce yawancinsu ba su da kafeyin, saboda haka su ne na bayan isha'i, da na yara, da na wanda likita ya hana shi abin da ke sa bugun zuciya. Kuma a nan mu ne masu arziki, domin abin da ake sayarwa a ƙulli da tsada a Turai, mu a kwano muke aunawa. Zoɓon da ake lodi daga Jigawa, musamman kasuwar Maigatari, har Meziko ake kai shi, kuma shi ne karkade na Sudan da Masar, da bisap na Sanagal, da sobolo na Gana. Cittar Kaciya da kewayenta a kudancin Kaduna ta yi suna a kasuwar duniya saboda yajinta. Ƙa'idar dafa su ta bi sashen tsiron da ake amfani da shi. Ganye da fure, irin na'ana'a da zogale da babunaj (furen da Turawa ke kira chamomile) da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, a zuba musu tafasasshen ruwa a rufe su minti biyar zuwa goma. Rufewar tana da muhimmanci, domin ƙamshinsu mai ne da ke bin tururi ya gudu. Saiwa da ɓawo da ƙwaya, irin citta da kirfa da kanumfari, sai an daddaka su an dafa a kan wuta mai sauƙi minti goma zuwa goma sha biyar. Tun da yawancinsu ba sa yin bauri irin na ganyen shayi, mantuwa da su a buta ba ta cika ɓata su ba.

Zoɓo da zafinsa shayi ne mai kyau ƙwarai, ko da yake mun fi sanin sa da ƙanƙara. A ɗauraye shi tukuna saboda yashi, a sa kamar cikin hannu guda a lita ɗaya, a jiƙa minti goma, kuma a guji tukunyar alminiyom domin tsaminsa yana cin ta. Bincike ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, wanda alheri ne ga wasu, amma mai shan maganin hawan jini ya shaida wa likitansa kafin ya mayar da shi abin sha na kullum, haka mai juna biyu kada ta yawaita. Citta ita ce ta lokacin hunturu da mura da tashin zuciya. Ɗanya ta fi ƙamshi, busasshiya ta fi yaji. Na'ana'a tana kwantar da kumburin ciki bayan abinci mai nauyi, sai dai mai fama da ƙwannafi takan ƙara masa. Zogale, gaskiyar magana, ba don daɗi ake shan sa ba, ɗanɗanonsa na ciyawa ne, kuma sai an tallafe shi da citta ko zuma. Kinkeliba, da aka fi sha a Sanagal da Mali da Nijar, yana da ja da ɗan kauri irin na baƙin shayi, har wasu na zuba masa madara da safe. Cikin na waje, ruyibos na tsaunukan Cederberg a Afirka ta Kudu ne ya fi cancantar kuɗinsa a wurina: ja ne, ba shi da kafeyin, ba ya bauri ko ya daɗe a ruwa, yana karɓar madara, don haka shi ne mafi kusa da abin da mai son kakkauran shayi da dare zai musanya ba tare da ya ji an rage masa komai ba.

Kalmar tsirrai a jikin kwali ba shaidar aminci ba ce. Mate na Ajantina da Faraguwai tsiro ne, amma yana da kafeyin sosai. Shayin rage teɓa kuwa, da yawansu akwai filasko a ciki, wanda iyayenmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki. Nauyin da ake gani ya ragu ruwa ne da bayan gida, kuma yawaita shi yana wahalar da hanji. Duk haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ko babu lambar hukumar NAFDAC a Najeriya, barin sa a kan kanta ya fi.

Idan gida ɗaya ne za a yi wa sayayya, ni abin da nake yi shi ne niƙaƙƙen baƙin ganye na safe saboda masu madara, ƙaramin kwalin kore na Sin domin bayan azahar, sai citta da na'ana'a da zoɓo daga kasuwa domin dare. A watan azumi nakan sauya tsarin: shayi mai ƙarfi a sahur a kan cikin da bai ɗauki abinci sosai ba yakan dami wasu, don haka nakan bar baƙin zuwa bayan an sha ruwa an ci abinci an ɗan huta, a sahur kuma a yi citta mara ƙarfi. Tsakanin ƙulli da sako-sako, ƙulli ya fi sauƙi a ofis da tafiya, amma a gida sako-sako da 'yar rariya sun fi araha a kan kowane kofi, kuma mutum yana ganin abin da ya saya da idonsa.

Ruwan da aka dafa da shi yana iya rushe duk wannan zaɓi. Ruwan rijiya ko burtsatse mai zartsi yakan sa wata yana ta taso a saman baƙin shayi kamar maiƙo, launin ya dushe, koren kuma ya rasa ƙamshinsa gaba ɗaya. Na famfo mai warin magani a tare shi ya kwana a buɗe kafin a dafa. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a dafa ganye ɗaya da ruwa iri biyu a ajiye kofunan gefe da gefe. Ajiya ma haka. Busasshen ganyen shayi yana zuƙar wari da laima kamar soso, kuma na taɓa shan wanda ya kwana biyu a kabad ɗaya da daddawa, ban kuma fatan maimaitawa. A juye shi a gwangwani mai murfi da ke kamawa sosai, nesa da rana da yaji da turaren wuta, musamman da damina. Baƙi yana iya kai shekara biyu a haka bai canza sosai ba, kore kuwa daga wata shida zuwa shekara ƙamshinsa ya fara tafiya, saboda haka shi a riƙa sayen kaɗan-kaɗan, kuma a duba ranar da aka ɗura shi a gindin kwalin kafin a biya kuɗi.